Rigar ƙasa da rigar kulob: zari-ruga a idon ɗan Dawakin Tofa

Duk mai gidan kallon ƙwallo a ƙasar Dawakin Tofa, daga Dawanau zuwa Kwa, daga Tumfafi zuwa cikin garin Dawaki, ya san makon da ciniki yake mutuwa. Shi ne makon da ake dakatar da Firimiya da La Liga domin 'yan wasa su je su buga wa ƙasashensu. Allon da ake rubuta wasannin yini da alli a bakin ƙofa sai ka gan shi wayam, bencina su yi ƙura, mai shayi da mai awara su wuni suna hamma. Ko Super Eagles ce za ta buga wasan neman gurbi, da ƙyar a cika rabin ɗaki. Da kunnena na ji wani matashi yana roƙon Allah Ya sa kocin Ingila ya ajiye Saka a benci, saboda Arsenal na da babban wasa a mako mai zuwa. Yadda Najeriya ta tashi a nata wasan na ranar ko tambaya bai yi ba.

A zari-ruga, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, al'amarin a juye yake. Can wasan ƙasa da ƙasa shi ne gaba da komai, na kulob kuwa share fage ne. Ni da tamaula na tashi, kuma har furfura ta fito mini ban daina cewa Sai Masu Gida ba. Ra'ayina shi ne tamaula ta fi zari-ruga dacewa da mu nesa ba kusa ba, kuma ba ta da ranar barin mu. Amma mai kallon zari-ruga na ƙasa da ƙasa yana riƙe da wani abu da mu muka bari ya suɓuce mana, wato ɓangaren da yake nasa na haƙiƙa, wanda bai aro ba.

Ranar Asabar 28 ga Oktoba 2023 na fara zama na kalli wasan daga farko har ƙarshe, kuma ba da niyya ba. Kaka ce, gero ya shiga rumbu, dawa na jiran yanka, aljihun samari da ɗan nauyi. Da yamma ɗakin ya cika maƙil saboda Barcelona da Real Madrid, inda Bellingham ya ci biyu, ta biyun ana dab da tashi. Aka watse da ihu. Bayan isha'i wasu tsiraru muka dawo jiran damben Tyson Fury da Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda za a yi a Riyad can cikin dare. Mai gidan yana ta lalube tashoshi don ya rage mana zaman jira, sai ya faɗa kan wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-ruga a birnin Faris, Afirka ta Kudu da New Zealand. Ba abin mamaki ba ne, tunda SuperSport ɗin da muke biya don Firimiya kamfanin Afirka ta Kudu ne, su kuwa wannan wasan a jininsu yake.

Ya faɗo daidai lokacin da 'yan New Zealand suka jeru cikin baƙaƙen riguna suna abin da suke kira "haka", rawar yaƙin kakanninsu Maori, suna dukan cinya suna zare ido. Samari suka tuntsire da dariya, suka ce a canza. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, ya ɗaga hannu. "Kai yaro, bar nan. Waɗannan maza ne."

Babu wanda ya san doka a cikinmu, da kallo muka tsinto ta. Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. In kana son ci gaba, ko ka rungume ta ka kutsa, ko ka buga da ƙafa. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya sami maki 5, bugun da ke biyo baya 2, bugun laifi tsakanin dogayen turaku 3. Abin da na fara lura da shi shi ne wasan na neman ƙasa ne. Taku ɗaya sai an yi gumi a kansa, kuma wanda aka ƙwace wa sai ya yi gumi ya ƙwato. Manomin da gonarsa ba ta wuce a zagaye ta cikin 'yan mintuna ba, wanda ya san rigimar da taku ɗaya na iyaka ke haddasawa, ba ya bukatar tafinta a nan.

Da aka zo turereniya, inda mutum takwas ke sarƙe kafaɗa su sunkuya su kara da takwas, dattijon nan ya gyara zama. "Wannan ai tura motar hatsi ce da ta kafe a taɓon Dawanau," in ji shi. "In mutum ɗaya ya saki kafaɗa, a kanku duka za ta dawo." Ya yi gaskiya, kuma a nan wani armashin wasan yake. Ba a cin sa da tauraro ɗaya. Akwai wurin gajere mai kauri, akwai na zanƙalele irin Eben Etzebeth da ya haura mita 2, wanda ake ɗaga shi sama ya cafe jifan gefe, akwai kuma na ɗan firit mai zillewa irin Cheslin Kolbe. Yaron da muke turawa raga a tamaula don kawai ya cika ƙiba, a can shi ne ginshiƙi.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka ba Sam Cane, kyaftin ɗin New Zealand, jan kati saboda kafaɗarsa ta sami kan wani. Wasan ƙarshe na kofin duniya fa, kuma kyaftin. Ba wanda ya zagaye alƙali, ba wanda ya nuna masa yatsa. Wani yaro da ke gefena ya juyo ya ce, "Baba, shi ke nan? Ba za su yi masa ca ba?" Ba su yi ba. Alƙalin, Wayne Barnes, Bature ɗan Ingila, yana ɗauke da makirufo a jikinsa, duk duniya na jin bayanin da yake yi, da shawarar da yake yi da alƙalin bidiyo. Kyaftin ne ke da bakin magana da shi. Wanda ya yi gardama, sai a ja ƙungiyarsa baya mita 10, abokansa ma su harare shi. Na kalli wannan na tuna sau nawa aka ɗauke wa Kano Pillars wasanninta na gida aka kai wani gari saboda abin da wasu 'yan kallo suka aikata, da wasannin unguwa nawa na ga an tashi baram-baram alƙali yana gudun ceton rai.

Aka tashi 12 da 11. Afirka ta Kudu ko sau ɗaya ba ta dangwala ba, duk makinta bugun Handre Pollard ne guda huɗu. A mintunan ƙarshe an ba Kolbe katin gargaɗi, wanda a wasan yake nufin zaman minti 10 a waje, sai kyamara ta nuno shi ya ja rigarsa ya lulluɓe kai, ya kasa kallo. Karo na uku ke nan a jere suna tsallakewa da maki ɗaya tak, bayan Faransa da Ingila, kuma kofinsu na huɗu. A lokacin duk ɗakin a tsaye muke muna ihu, mutanen da awa biyu baya ba mu san inda ake ci ba. Dalilinmu bai wuce cewa 'yan Afirka ne, kuma baƙin mutum ne zai ɗaga kofi.

Washegari a majalisa ba wanda ya tayar da zancen. Hirar duk ta Bellingham ce, sai kuma gardamar ko an yi wa Ngannou maguɗi. Wannan shirun ya fi wasan kansa ba ni abin tunani.

Gida ɗaya wasannin biyu suka fito, makarantun Ingila na ƙarni na 19. Zari-ruga ma ya riga tamaula buga wasan ƙasa da ƙasa: Sikotilan da Ingila sun kara a Edinbara a 1871, na tamaula sai a 1872 a Gilasgo. Inda hanya ta rabu shi ne kuɗi. Tamaula ta halatta biyan 'yan wasa tun 1885, kulob-kulob suka yi ƙiba, har suka zama kamfanonin da a yau attajiran Amurka da na ƙasashen Larabawa ke saye. Masu zari-ruga kuwa suka kafe cewa wasa ba sana'a ba ne har zuwa 1995. Wannan taurin kai na masu hali ne, waɗanda ba sa bukatar albashi, kuma ya zalunci 'ya'yan talakawa da dama. Amma ya bar gado ɗaya: kulob bai sami damar girma ya fi ƙasa ba. Har gobe wasan ƙasa ne ke kawo kuɗin da ake rabawa. New Zealand ba ta gayyatar ɗan wasan da ya tafi neman kuɗi a Faransa, haka ma Ingila. In kana son rigar ƙasa, zauna gida. A ce an kafa wa Super Eagles wannan doka, da ban san mutum nawa za su rage ba.

Sannan ba sa yawaita abin. Gasar ƙasashe shida, wato Ingila, Faransa, Ailan, Italiya, Sikotilan da Wales, sau ɗaya ce a shekara, a Fabrairu da Maris, kowa ya kara da kowa sau ɗaya. Wanda ya sha kashi a hannun maƙwabcinsa sai ya haɗiye har baɗi. Tawagar Lions, wadda ake tsamo gwanayen Birtaniya da Ailan a haɗa, shekara huɗu-huɗu take fita, tana zagaya Afirka ta Kudu, New Zealand da Ostareliya, don haka mai masauki sai bayan shekara 12 zai sake ganinta. Akwai gwanin da zai yi wasa ya yi ritaya bai taɓa karawa da ita ba. Mu kuwa Asabar ƙwallo, Lahadi ƙwallo, Talata da Laraba Zakarun Turai, Alhamis Yuropa. Hausawa sun tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe.

Abin da rigar ƙasa ke iya ɗauka, Afirka ta Kudu ta nuna shi fiye da kowa. A zamanin wariyar launin fata koriyar rigar Springbok alamar farar fata ce, har baƙaƙe kan je fili su goyi bayan duk baƙon da ya zo karawa da ita. Ranar 24 ga Yuni 1995, a filin Ellis Park na Johannasbag, Nelson Mandela ya fito sanye da wannan rigar mai lamba 6, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofi. Mutum ɗaya ne rak a tawagar da ba farar fata ba, Chester Williams. Sai da aka ƙara shekara 23 kafin baƙin mutum ya zama kyaftin: Siya Kolisi, ɗan unguwar Zwide, wanda kakarsa ta raina cikin rashi, wanda ya sha faɗin cewa ya san kwana da yunwa. Shi ya ɗaga kofi a Japan a 2019, shi ya sake ɗagawa a daren da nake ba da labari, har shugaba Ramaphosa ya ba ƙasar hutun 15 ga Disamba. Kofi bai kawo musu wutar lantarki ba, bai samar wa matasansu aiki ba, kuma ba na cikin masu cewa wasa na gyara ƙasa. Amma mutanen da aka raba musu makaranta da asibiti da maƙabarta sun sami abu ɗaya da suke cewa namu. A Ailan ma haka: tsibirin rabe yake gida biyu, tamaula na da tawaga biyu, zari-ruga tawaga ɗaya.

Ba cewa nake mu ba mu san wannan daɗin ba. Waɗanda suka yi wayo a 1996 sun tuna daren gasar Olamfik ta Atlanta, da Brazil na gabanmu da 3 da 1 muka dawo muka ci 4 da 3, Kanu ya gama da su. A 2013 Sunday Mba, ɗan gasar cikin gida, ya ci mana kofin Afirka. Ranar da Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu a 2018, babura sun kwana suna ham a kan titin Katsina. A Fabrairun 2024 da muka kai wasan ƙarshe a Abidjan, har tsofaffin da ba ruwansu da ƙwallo sun tambayi yadda aka tashi. Kishin yana nan. Wata ɗaya yake farkawa, ya koma barci shekara biyu, Chelsea da Madrid su ci gaba da riƙe gida.

To amma kada in cika yabon baƙo. Zari-ruga na ƙasa da ƙasa majalisar 'yan tsiraru ce. An yi kofin duniya sau 10 tun 1987, ƙasashe huɗu ne kawai suka taɓa ɗauka: Afirka ta Kudu, New Zealand, Ostareliya, sai Ingila sau ɗaya a 2003. A 1995 New Zealand ta ci Japan 145 da 17. A 2003 Ostareliya ta ci Namibiya 142 ba ko ɗaya, kuma Namibiyar nan ta yi ta zuwa gasar ba ta taɓa cin wasa ba. Har yanzu ana ba da labarin yadda Japan ta doke Afirka ta Kudu 34 da 32 a 2015 kamar almara, saboda irin haka ba ya faruwa sai jefi-jefi. Dalilin a fili yake. Wasa ne da ake cin maki da yawa, kuma jiki da jiki ne na minti 80. Wanda ya fi nauyi, ya fi cin mai kyau, ya fi likitoci da kayan motsa jiki, ƙarshe shi zai danne. Sa'a ba ta da wurin zama sosai.

A tamaula kuwa ƙwallo ɗaya ta isa. Ka tare gida, gola ya tashi da ƙafar dama, a saci ɗaya, shi ke nan. Da haka Kamaru ta kayar da Ajantina ta Maradona a 1990, Senegal ta kayar da Faransa a 2002, Saudiyya ta kayar da Ajantina ta Messi a 2022, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Da haka Pillars ɗinmu ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Ga talaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya wuni yana ganin mai ƙarfi na cin marar ƙarfi a kasuwa, a kotu, a layin taki. In ya biya kuɗin shiga gidan kallo, yana so ya ga wurin da abin kan juye ko da sau ɗaya ne.

Ga kuma maganar jiki, wadda ita ce ta fi tsaya mini. Sau ɗaya Afirka ta Yamma ta taɓa zuwa kofin duniya na zari-ruga, Kodebuwa a 1995, kuma abin da aka fi tunawa da zuwan shi ne Max Brito, wanda aka danne a wasansu da Tonga wuyansa ya karye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Steve Thompson, wanda ya ci kofi da Ingila a 2003, ya fito a 2020 ya ce ba ya tuna an yi wasan ma, saboda ciwon mantuwa da likitoci suka same shi da shi yana ɗan shekara 40 da kaɗan. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke tsaye a bakin fili ke nan. A nan, da rani, filin firamare ya bushe ƙaƙas, ga tsakuwa, ga ƙarangiya, gonar da aka girbe kuma ga tushiyar kara a tsaitsaye. Targaɗe da karaya mai ɗori zai iya da su. Wuya da ƙwaƙwalwa ba nasa ba ne. Ba zan ba ɗana shawarar a rungumo shi da gudu a maka a kan wannan ƙasar ba.

Ladabin nasu ma yana da iyaka. Barnes ɗin nan da na yaba yadda ake saurarensa a fili, bayan wasan ƙarshen barazanar kisa aka yi ta aika masa a intanet, shi da iyalinsa, kuma a kan wannan wasan ya ajiye usur. Ashe su ma suna da nasu 'yan tashar.

Tamaula ba ta tambayar komai. Takalma biyu raga ce, tsumma da leda ƙwallo ce. A ƙasarmu da kowane taƙi noma ake yi, babu saura, babu makiyaya ta kirki, yaro na iya buga ta a lungu, a filin idi, a ƙarƙashin gawo bayan an kwashe amfani. Dokarta numfashi ɗaya ya isa a faɗa wa baƙo: kada ka taɓa da hannu, ka jefa a can. Dokar turereniya kuwa, na ji masu sharhin da suka yi shekaru suna buga wasan suna musu a kan dalilin da ya sa aka busa.

Saboda haka ban yi mamakin shirun washegari ba. Ba mu da ɓangare a wasan. Tawagar Najeriya, Black Stallions, ba ta taɓa kai wa kofin duniya ba. 'Ya'yanmu da suka yi suna a ciki wasu suke yi wa: Victor Ubogu da aka haifa a Legas ya buga wa Ingila, Maro Itoje da iyayensa duk 'yan Najeriya ne ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, ya kuma jagoranci Lions suka ci Ostareliya a shekarar. A Kano akwai ƙungiyar Barewa da ta daɗe tana buga wasan tana koya wa yara, abin a yaba mata, amma ka tsaya a tashar Dawanau ka tambayi mutum goma, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunanta. A Oktoban 2027 za a yi gasa ta gaba a Ostareliya da ƙasashe 24, Zimbabuwe ta sami gurbi bayan ta doke Namibiya, amma wasannin da safe za su riƙa faɗowa a agogonmu, mutanen Dawaki suna gona ana roron wake.

Sai dai wannan hujjar tana da kaifi biyu. In rashin ɓangare ne ya hana mu son zari-ruga, wane ɓangare muke da shi a Chelsea? Wa ya haɗa ɗan Tattarawa da wata unguwa a yammacin Landan? Ba kaka, ba kasuwa, ba addini, ba harshe. Sabo ne kawai ya ƙulla zumuncin, kowane mako ana nuna maka su har ka fara cewa mun ci, mun saya, mun kori koci. Ban raina wannan ba. Ya raba samari da dama da zaman banza, ya ba su abin hira wanda ba siyasa ba. Amma na ga abokai sun daina gaisawa a kansa, na ga an zaro wuƙa, kuma a 'yan shekarun nan na ga cacar waya ta shigo ta ƙofarsa tana lashe kuɗin ridi. Mutum yana zubar da hawaye don kamfanin da bai san da zamansa a duniya ba. Ɗan Wales da ke kuka ana taken ƙasarsa a Kadif, aƙalla ya san garin da kowane ɗan wasa ya fito, wataƙila ma ya san ubansa.

Abin takaicin shi ne irin wannan goyon baya ba baƙonmu ba ne. Je gidan dambe ka gani. Kudu, Arewa, Guramaɗa: kowa ya san inda yake tun kafin a ɗaure zare, kuma ba ya sauya sheƙa don an kashe masa ɗan wasa. Ƙetara iyaka zuwa Nijar, inda tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar takobin kokawa. Sau ɗaya a shekara, kowace jiha ta turo zaratanta goma, ƙasa ta tsaya cik, kowa da rediyo a kunne, Maraɗi na son nata, Damagaram na son nata, Doso na taƙama da Issaka Issaka. In akwai abin da ya yi kama da gasar ƙasashe shida a ƙasar Hausa, to wannan ne: ƙarfi, ladabi, ɓangare na gado, da jira har baɗi. Kuma in wasan kansa ake nema, mu da muka yi langa a dandali da farin wata mun san shi. A tsare ruwa, a ture masu tare hanya, a buɗe masa har ya kai wurin sha, kowa na faɗuwa don mutum ɗaya ya tsallake. Yau ka nemi yaro ɗan shekara 12 a garin nan da ya iya riƙe ƙafa ya yi zagaye ɗaya.

Pillars ita ce ta fi kusa da ba mu wannan a tamaula. Tun kafa ta a 1990 ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗi a 2022 ta dawo, kuma filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana cika yadda filayen wasu jihohi ba sa mafarki. Wanda ya ga yadda fili ke ɗauka in Rabi'u Ali ya ajiye ƙwallo zai buga tazara, ya san bambancin ihun talabijin da ihun gida. Daga Dawaki zuwa can ba tafiyar a zo a gani ba ce. Duk da haka samarinmu da yawa sun san golan benci na Manchester United, ba su taɓa taka filin ba.

Don haka ba ina kiran a kawo mana zari-ruga ya maye gurbin komai ba. In 'yan Barewa suka zo makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa da irin wasan yara da ba a kayarwa, sai dai a fizge ƙyalle daga ƙugu, maraba lale. Yaran da tamaula ta ƙi za su sami wuri. Abin da nake so mu kwaikwaya tsarin ne. Ƙaramar hukuma da hakimi da shugabannin makarantu su tsayar da gasa ɗaya ta mazaɓu, sau ɗaya a shekara, bayan an gama sussuka, a ranakun da kowa ya sani tun bara: Ganduje da Tattarawa, Jalli da Marke, Gargari da Ɗanguguwa, Dawaki ta Gabas da ta Yamma. A haɗa tamaula da langa da kokawa a yini ɗaya. Kada a buga wa mazaɓa sai ɗanta, kada a yi hayar ɗan wasa daga birni. Kada kuma a sa wa kofin sunan ɗan takara, domin mun ga irin waɗannan da yawa, ana rantsar da mutum suke mutuwa. 'Yan kasuwar Dawanau da ke loda ridi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, riguna da raga da ladan alƙalai ba za su gagare su ba.

Dokar alƙali kuwa a ɗauko ta yadda take. Ko Turawan tamaula sun aro ta, tun gasar Turai ta 2024 kyaftin kaɗai suka yarda ya tunkari alƙali. A wurinmu sai a ƙara da cewa mai unguwa da limami su zauna a bakin fili, kuma mazaɓar da magoya bayanta suka taɓa alƙali a cire ta daga gasar baɗi gaba ɗaya, ko da mahaifar shugaban ƙaramar hukuma ce.